Alanya ko Nabul: Wane Garin Bakin Bahar Rum Ya Fi Dacewa da Tafiyar Lokacin Sanyi?

Duk wanda zai je bakin Bahar Rum tsakanin Disamba da Fabrairu, ya fara cire hoton nan na mutane kwance a kan yashi daga ransa. A can lokacin sanyi shi ne damina. Hunturunmu busasshe ne, leɓe ya tsage, wanki ya bushe kafin azahar. Nasu kuwa jiƙaƙƙe ne: digiri 12 da danshi da iskar teku ya fi digiri 12 na asubar Kano shiga ƙashi, kuma rigar da aka shanya yau sai jibi. Duk da haka akwai dalilin zuwa. Kuɗin masauki yana faɗuwa ƙasa sosai, wuraren tarihi babu cunkoso, ƙasar da rani ya ƙone ta koma kore shar, lemu da zaitun suna kan bishiya.

Garuruwa biyu ne a kan ma'auni a nan. Alanya, a lardin Antalya na kudancin Turkiyya, da Nabul tare da maƙwabciyarta Hamamat a arewa maso gabashin Tunisiya, waɗanda a taswira ake rubutawa Nabeul da Hammamet. Dukansu garuruwan Musulmi ne, babu fargabar nama ko neman masallaci, kuma dukansu suna kusan layi ɗaya a taswira, wajen digiri 36 da rabi arewa da tsakiyar duniya. Saboda haka tsawon yininsu ɗaya ne, kimanin awa 9 da minti 40 a ƙarshen Disamba. Abin da ya raba su shi ne abin da ke bayan gari: bayan Alanya duwatsu ne, bayan Nabul gonaki ne. Daga nan kusan dukkan sauran bambancin ya taso.

Ruwa a nan, iska a can

Duwatsun Toros suna tsaye dab da bayan Alanya. Suna tare iskar sanyi da ke saukowa daga tsakiyar Turkiyya, shi ya sa ayaba take yi a fili a wurin. Amma su ne kuma ke tare hadarin da ya taso daga teku, sai ya juye ruwansa a kan garin. A Disamba da Janairu ana samun kusan milimita 200 ko fiye a kowane wata. Ruwan ba yayyafi ba ne, saukowa yake kamar da bakin ƙwarya, da tsawa, kwana biyu ko uku a jere, sannan gari ya washe a samu rana mai daɗi da za ka cire rigar sanyi da tsakar yini. Zafin rana a Janairu yakan tsaya wajen digiri 16, dare kuma wajen 8 ko 9.

A Nabul alƙaluman ma'aunin zafi kusan haka suke, ko ƙasa kaɗan. Ruwan sama kuwa bai kai rabin na Alanya ba: wata guda na sanyi yakan kawo milimita 50 zuwa 70, shekara gaba ɗaya ba ta cika wuce 500 ba. Matsalar wurin iska ce. Yankin da Nabul take, wanda Turawa ke kira Cap Bon, ziri ne na ƙasa da ya kutsa cikin teku yana fuskantar tsibirin Sisili na Italiya, babu wani dogon dutse da zai kare shi daga iskar arewa maso yamma. Ba banza aka kafa injinan samar da lantarki da iska a Sidi Dawud, can ƙarshen zirin ba. Hamamat ta ɗan fi samun mafaka don tana cikin lungun teku ta kudu, amma da an nufi garuruwan Kilibiya da Hawariya, wajen ƙarshen zirin, sai a ji a jika. Lema ba ta da amfani a irin wannan iska, juyewa take yi ta karye. Riga mai hana ruwa mai hula ita ce magani.

To, a Alanya kana iya rasa kwana uku cur daga cikin bakwai, amma huɗun da suka rage su yi kyau ƙwarai. A Nabul da wuya ruwa ya tsare ka a ɗaki yini guda, sai dai da wuya kuma ka samu yinin da ba ka buƙatar rigar sanyi. Wanka a teku a manta da shi a duka biyun. Ruwan Alanya yana wajen digiri 17 zuwa 18, na Hamamat wajen 15, za ka ga tsofaffin Rashawa da Jamusawa suna shiga, kada su ruɗe ka.

Agogo ma yana da tasiri. Tunisiya lokacinta ɗaya da Najeriya da Nijar. A ƙarshen Disamba rana na fitowa wajen 7:30 ta faɗi jim kaɗan bayan 5:00. Turkiyya tana gaba da awa biyu, kuma tun 2016 ba ta sauya agogo, saboda haka a Alanya rana ba ta fitowa sai wajen 8:00, magariba kuma wajen 5:40. Ga mai son fita ƙauye, wannan rabin awa na yamma yana da amfani.

Ɗakin kwana shi ke gyara tafiya ko ya ɓata ta

A nan mafi yawan masu zuwa suke yin kuskure, don suna duba hoton baranda da teku su biya. Gidajen garuruwan biyu an gina su ne don korar zafi: daɓen tayil ko marmara, bango marar rufin da ke riƙe ɗumi, manyan tagogi. Da rana ma cikin gida yakan fi waje sanyi.

A Alanya abin ɗumama ɗaki a mafi yawan gidajen haya shi ne iyakwandishan da ake juyawa ya fitar da zafi, suna kiran sa klima. A rimot ana danna maɓallin sauya yanayi har alamar rana ta fito, a sa shi a 22 ko 23, sannan a jira minti uku zuwa biyar, don ba ya hura iska nan take, sai ƙarfen ciki ya yi zafi. Mutane da yawa suna kashewa a wannan tsakanin suna cewa ya lalace. Kafin ka biya, tambayi abu uku: ko akwai na'urar a ɗakin kwana ba a falo kaɗai ba, ko kuɗin wuta yana cikin haya ko da mita za a biya, da kuma yadda ake samun ruwan zafi. Na ukun nan ya fi muhimmanci. Rufin gidajen Alanya cike yake da tankunan sola masu dafa ruwa da hasken rana. Idan hadari ya kwana biyu, ruwan famfo ya koma ƙanƙara, sai fa in akwai hita ta lantarki a banɗaki a matsayin madadi. A nemi hoton ta, kada a tsaya ga "akwai". Gidan da ke fuskantar kudu ya fi wanda ke fuskantar duwatsu ɗumi nesa ba kusa ba, kuma baƙin tabo a kusurwar bango alamar danshi ce da za ta tayar wa mai asma ciwonsa.

A Tunisiya ruwan zafi ya fi zuwa daga ƙaramar hita mai aiki da gas da ake maƙalawa a bangon kicin ko banɗaki. Hadari bai dame ta ba, amma tana da haɗarin da ya fi na sola nesa: idan bututun hayaƙinta ya toshe ko aka rufe tagogi ruf, tana tara iskar guba marar wari marar launi, kuma duk lokacin sanyi ana samun mutuwar mutane a ƙasar ta wannan hanya da ta garwashin gawayi a ɗaki. Ya kamata harshen wutar ya zama shuɗi. In ya koma rawaya ko ka ga baƙin hayaƙi a jikin bango sama da ita, kada a kunna. A bar taga a ɗan buɗe lokacin wanka, kuma kada a kwana da hitar gas ko gawayi a kunne. Ciwon kai da jiri da suka kama mutanen ɗaki gaba ɗaya lokaci guda ba mura ba ce, a fita waje nan take.

Saboda wannan, a Tunisiya otal ya fi gidan haya ga baƙon mako ɗaya. Otal-otal na Hamamat masu yin gashin jiki da ruwan teku mai ɗumi suna buɗe duk shekara, suna da ɗumamar ɗaki ta gaske da wurin ninƙaya na cikin gini. A guji unguwar Yasmin Hamamat sai in niyyar mutum zaman otal ce kawai: an gina ta don baƙin bazara, da sanyi shaguna a rufe, titi fayau, komai sai an hau tasi. Haka ma a ɓangaren Alanya, manyan otal-otal na Konakli da Avsallar da Okurcalar da yawa suna rufewa daga Nuwamba zuwa Maris, wanda ya rage a buɗe kuma yana tsakiyar unguwar da ba kowa. Tsakiyar gari, ko Oba, ko Mahmutlar, nan ne mutane ke zaune shekara cur. Alanya ta yi suna da otal-otal marasa giya masu wurin ninƙaya na mata daban, amma yawancinsu na bazara ne, a tabbatar da ranar buɗewarsu kafin a saka rai.

Cikin gari

Idan gari kaɗai za a auna, Alanya ta yi gaba. Wani ƙaton dutse mai tsawon kusan mita 250 ya shiga cikin teku ya raba garin biyu, a kansa akwai ganuwa mai tsawon kimanin kilomita 6 da rabi. Sarkin Turkawan Saljuƙawa Ala'uddin Kaikubad ya ci garin a 1221, ya mai da shi mazauninsa na lokacin sanyi, wato tun shekaru 800 da suka wuce an san amfanin wurin a wannan lokaci. Jar Hasumiya da ke bakin tashar jiragen ruwa an gama ta a 1226, kusurwa takwas, hawa biyar, tsawon mita 33. Kusa da ita akwai wurin ƙera jiragen ruwa na zamanin, rumfuna biyar na dutse da igiyar ruwa ke shiga cikinsu har yau. Hawa dutsen da ƙafa a watan Yuli azaba ce, a Janairu kuwa awa ɗaya ce ta nishaɗi. Mai ciwon gwiwa ya hau motar igiya da aka buɗe a 2017 daga bakin ruwan Kilofatira, amma ana dakatar da ita idan iska ta yi ƙarfi, saboda haka a yi wannan a ranar farko da gari ya washe, kada a ajiye ta sai ƙarshe. Ranar ruwa kuma akwai kogon Damlatash a gindin dutsen, wanda aka gano a 1948. Cikinsa digiri 22 ne rani da damina.

Hamamat ƙarama ce a kan wannan. Tsohon garinta mai ganuwa ta ƙarni na 15 yana bakin ruwa, farin fenti da ƙofofi shuɗɗa, ana zagaye shi cikin awa biyu har da hawa sansanin da ke kusurwarsa. Nabul, kimanin kilomita 15 daga nan, ba ta da kyan gani kamar haka amma ita ce gari mai rai: hedikwatar lardi ce, cibiyar tukwane da kwanukan tangaran, har wani ƙaton tulu mai bishiya a ciki aka kafa a shataletalen tsakiyar gari. Kasuwarta ta Juma'a ta manoma ce kafin ta zama ta baƙi. A Dar Sha'aban da ke manne da ita masu sassaƙa dutse suna aiki a bakin titi. Wanda ke son ya zauna cikin mutane ya kwana Nabul, wanda ke son ɗaki mai ɗumi ya kwana Hamamat ya riƙa zuwa.

Bayan gari

A nan ma'aunin ya juya. Ƙauyen Alanya siriri ne, tsakanin teku da dutse. Gabas da gari, ta hanyar Gazipasha, gonakin ayaba ne a kan tudu hawa-hawa, da fiya da lemu da rumfunan leda na tumatir. Kogin Dim yana da nisan minti 20 a mota, da kogon Dim a samansa. Gidajen abincin da ke shimfiɗa dandamali a kan ruwa da bazara yawancinsu suna naɗe kaya, kaɗan ke komawa cikin rumfa da murhun itace suna gasa kifin kogi. Kwazazzabon Sapadere, kimanin kilomita 40, yana da gadar katako da ke bin bango, ruwa ya fi yawa da kyau a wannan lokaci, amma bayan ruwan sama mai ƙarfi akan rufe shi, kuma duwatsu kan gangaro kan hanya. A tambaya a masauki kafin a kama hanya. Kufan garin Syedra, wajen kilomita 20 gabas, wuri ne da za ka iya yini ba ka ga mutum goma ba. Yamma kuma akwai tsohon garin Side da dandalin Rumawa na Aspendos na ƙarni na 2, tafiyar yini guda a babbar hanyar D400.

Duk waɗannan suna da kyau, amma wurare ne da ake zuwa a gani a dawo, kuma kusan dukansu sai da motar haya. Motocin gari suna bin bakin teku sosai, cikin dutse kuwa kaɗan ne da sanyi. Wanda bai taɓa tuƙi a kan dusar ƙanƙara ba kada ya wuce ƙauyukan ƙasa: sama da mita 1,000 hanya na iya daskarewa da safe alhali a bakin teku ana shan rana, kuma motocin haya na bakin ruwa galibi tayar bazara ce a ƙafarsu.

Bayan Nabul kuwa aiki ake yi, kuma lokacin sanyi ne ganiyarsa. Wannan yanki shi ne lambun lemun Tunisiya. A Manzil Bu Zalfa da Bani Khallad, rabin awa daga Nabul, layukan dogayen bishiyoyi ne aka dasa don tare iska, a bayansu lemu jawur har rassa na taɓa ƙasa. Daga Janairu ake fara tsinkar wani lemu da ake kira maltez, mai ɗigon ja a cikin tsokarsa, wanda ake kai wa Faransa. A bakin hanya ana sayar da shi a akwati da ganyensa a jiki.

Girbin zaitun yana gudana daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ya fi yawa idan aka nufi Zagwan da kudu. Ana shimfiɗa raga ko tamfol a ƙarƙashin bishiya, a kafa tsani mai ƙafa biyu, mata da maza su hau suna tsefe rassa da ɗan matsefin roba, 'ya'yan na zubowa. A tattara, a sheƙe ganye, a zuba a buhu ko akwati, a kai injin matsa. Gaggawa ake yi, don zaitun da ya kwana biyu ko uku a buhu yana ɗaukar zafi ya fara ruɓa, mansa ya yi tsami. Kusan kilo 5 ke ba da lita ɗaya. Sabon mai kore ne, da ɗan duhu, yana da ɗaci kuma yana kartar maƙogwaro; wannan kartar alamar kyau ce. Masu injin sukan bar baƙo ya shiga ya ɗanɗana da burodi idan ya yi sallama ya nemi izini. Mai saye ya nemi gwangwani mai murfin da aka like, ba jarkar roba ba, kuma ya sa shi a kayan da za a auna, don ba a barin ruwa fiye da mililita 100 a jakar hannu.

Sai kuma zagayen zirin, wanda ake yi a yini guda idan an fita da 8:00. Daga Nabul zuwa Kilibiya kimanin kilomita 60 ne, akwai sansanin Rumawan Gabas a kan tudu sama da tashar masunta. Kilomita 12 gaba akwai Karkwan, garin mutanen tsohuwar daular Kartaj da aka watsar wajen shekara 250 kafin haihuwar Annabi Isa, ba a sake gini a kansa ba, shi ya sa UNESCO ta sa shi a jerinta a 1985. Bangayen da suka rage gajeru ne, amma kusan kowane gida yana da bahon wanka na jan siminti mai wurin zama a ciki, da magudanar da ke fitar da ruwa zuwa titi. A Hawariya akwai ramukan da aka haƙo dutsen gina Kartaj. A komo ta Kurbus, inda ruwan zafi ke fitowa daga dutse yana zuba cikin teku, mutane na zaune a inda zafi da sanyi suka haɗu. Wuraren tarihi suna rufewa tsakanin 4:00 da 5:00 da sanyi, wasu kuma ba sa buɗewa ran Litinin.

Abin da ya ƙara wa Tunisiya maki shi ne ana iya yin yawancin wannan ba tare da motar haya ba. Akwai ƙananan bas masu cin mutum 8 da ake kira luwaj, suna tashi idan sun cika. Mai jan layi tana zuwa wani lardi, mai shuɗi tana yawo cikin lardi, mai rawaya ta ƙauye ce. Kuɗinsu ƙayyadadde ne, ba ciniki. Aibinsu guda: da la'asar fasinja ke raguwa, ƙarfe 5:00 kana iya zama a Hawariya mota ta ƙi cika. A fara da wuri mafi nisa, a riƙa matsowa gida.

Kairawan da Konya

Kowane gari yana da babban birnin addini a bayansa, amma isa gare su ba ɗaya ba ne. Kairawan tana kimanin kilomita 100 daga Hamamat, awa ɗaya da rabi a shimfiɗaɗɗiyar hanya. Uƙba bin Nafi'u ya kafa ta a 670, nan Imam Sahnun ya zauna, nan ne garin Ibn Abi Zaid mai Risala da almajiran ƙasar Hausa ke karantawa har gobe. Ga wanda ya tashi a mazhabar Malikiyya, wannan kaɗai na iya yanke hukunci. Ana zuwa da safe a dawo kafin magariba.

Konya, inda kabarin Jalaluddin Rumi yake kuma ake taron tunawa da rasuwarsa da ke ƙarewa ran 17 ga Disamba, tana bayan duwatsun Toros, fiye da kilomita 250 daga Alanya, a kan tudu mai sanyin da ke sauka ƙasa da sifili. Dusar ƙanƙara kan rufe hanyar Akseki da ake bi zuwa can. Tafiyar kwana ce, a babbar bas, da kayan sanyi na daban.

Abinci da harshe

Harshen da ya saba da yaji zai fi sakewa a Nabul, garin harisa, wato niƙaƙƙen jan barkono da tafarnuwa da kayan ƙamshi, wadda UNESCO ta karrama a 2022. Abincin safiyar sanyi shi ne lablabi: a ba ka kwano da busasshen burodi ka gutsuttsura da hannunka, mai shago ya kwarara romo da dafaffen hummus, wani wake mai ƙwaya zagaye, ya sa harisa da garin kamun mai ƙamshi da man zaitun da ƙwai mai ruwa-ruwa, ka cakuɗa da cokali biyu. Kwano ɗaya ya riƙe ka har la'asar. Abincin Alanya ya fi laushi: miyar adas (wani ƙanƙanin wake), gurasar pide, gozleme da mata ke gasawa a kan faranti, ruwan rumman da lemu a kowace kusurwa. Akwai garin barkono a tebur, amma mai son yaji na gaske ya tafi da nasa.

A Tunisiya Larabcin makaranta yana aiki ko da amsar za ta zo da karin garin, Faransanci kuma yana buɗe kowace ƙofa, abin da ya sauƙaƙa wa 'yan Nijar da Kamaru da Chadi. A Alanya 'yan kasuwa na jin Ingilishi da Jamusanci da Rashanci, amma a ƙauye Turkanci ne zalla. Masallatan Turkiyya galibi a buɗe suke yini. Da yawa daga na Tunisiya ana buɗe su ne lokacin salla a rufe bayanta.

Hanya, takardu da kuɗi

Zuwa Alanya ya fi sauƙi daga Najeriya: jirgi daga Abuja ko Legas zuwa Istanbul, sannan na cikin gida na awa ɗaya da 'yan mintuna. A nemi wanda ke sauka Gazipasha, kilomita 40 daga gari. Filin jirgin Antalya yana da nisan kusan kilomita 125, fiye da awa biyu a mota. Zuwa Tunis sai an bi ta Kasablanka ko Alƙahira ko Istanbul, daga nan Hamamat awa ɗaya ce a babbar hanya. Mai fasfon Najeriya yana buƙatar biza a ƙasashen biyu, a fara nema da wuri, a kuma riƙe katin rigakafin shawara.

Akwai maganar da ba za a tsallake ba. A Fabrairun 2023 shugaban Tunisiya Kais Sa'id ya yi jawabi mai zafi kan baƙin haure daga kudu da Sahara, aka biyo baya da hare-hare da korar mutane daga gidajen haya, har Gini da Mali da Kodebuwa suka kwashe 'yan ƙasarsu. Baƙar fata mai yawon buɗe ido a Hamamat ba a matsayin ɗan ci-rani yake ba, amma ɗan sanda a shingen hanya bai san haka ba sai ya ga takarda. Fasfo a jiki kullum, da takardar otal da tikitin komawa a buge a takarda, ba a waya kaɗai ba. Wannan ma wani dalili ne na fifita otal a kan gidan haya. A Turkiyya ma ana tsayar da baƙi a duba takardu, musamman a Istanbul.

Dinarin Tunisiya ba a fita da shi daga ƙasar, ba a kuma samun sa a waje. A canza kaɗan-kaɗan, a adana rasit, don sai da shi za a mayar maka da ragowar zuwa dala ko yuro a filin jirgi. Dinari ɗaya milim 1,000 ne, saboda haka 12.500 a takardar abinci dinari goma sha biyu da rabi ne. Lirar Turkiyya kuwa hauhawar farashi ta cinye ta, ya haura kashi 60 cikin ɗari a ƙarshen 2022 da na 2023, don haka duk farashin da wani ya faɗa maka daga tafiyarsa ta bara ya tsufa. Kuɗin shiga manyan wuraren tarihi ma da yuro ake ƙayyade wa baƙi. A dunƙule, abinci da zirga-zirga sun fi araha a Nabul, gidan haya mai kyau ya fi samuwa a Alanya. Soket ɗin ƙasashen biyu mai ramuka biyu zagaye ne, ɗan Najeriya ya tafi da adafta.

Azumi a shekarun nan yana faɗowa cikin sanyi. Na 2027 zai kama a farkon Fabrairu. Yini gajere ne ba ƙishi. A Nabul kusan duk gidajen abinci da na shayi suna rufe da rana, ofisoshi da wuraren tarihi suna tashi da wuri, luwaj na ɗaukewa kafin shan ruwa. A Alanya harkoki ba sa canzawa sosai.

Wanne za a ɗauka

Iyali mai tsofaffi ko ƙananan yara, ko wanda wannan ce fitarsa ta farko, ya ɗauki Alanya: hanya ɗaya, gari mai tsari, doguwar hanyar tafiya a bakin ruwa da keken yaro ke bi, abin gani a cikin gari ko ba a fita ko'ina ba. Amma kada ya yi ƙasa da kwana bakwai, don tafiyar kwana huɗu a Janairu na iya faɗawa cikin ruwa daga farko har ƙarshe. Wanda ƙauyen ne ya kai shi, mai son ganin gona da injin mai da kasuwa, mai jin Larabci ko Faransanci, mai niyyar Kairawan, ya ɗauki Nabul, kwana biyar sun ishe shi: ɗaya na garuruwan biyu, a daidaita shi da Juma'a, ɗaya na zagayen ziri, ɗaya na Kairawan, ɗaya na Zagwan da gonakin zaitun, ɗaya a ajiye saboda iska.

Lokaci ma ya bambanta. Nabul ta fi kyau daga tsakiyar Janairu zuwa tsakiyar Fabrairu, lokacin da lemu ya nuna kuma injinan zaitun ba su rufe ba. Alanya a ƙaurace mata daga tsakiyar Disamba zuwa ƙarshen Janairu in da hali. Ƙarshen Fabrairu ruwa ya fara ja baya, yini ya haura awa 11, otal-otal kuma ba su ɗaga farashi ba tukuna. Makon sabuwar shekara a duka wuraren biyu farashi kan tashi na 'yan kwanaki, sannan ya sauko daga 3 ko 4 ga Janairu.